Ajiye samfefar nan, ɗana

Jiya da la'asar, da na karɓe samfefa daga hannunka, ka ce da ni: "Maigida, ba gyara aka kawo mana ba? Me zai hana in goge libarbar nan ta yi fes, mai ita ya ji daɗi?" Akwai baƙi a rumfa, shi ya sa na ce ka bari sai da safe. To jawo tabarma, ga ta nan a kan tsumma.

Ka dai ga abin da na fara yi da aka miƙo ta. Na buɗe na tabbatar babu harsashi a ramukanta shida, sannan na nemi mai ita ya nuna mini takardar izini. Tsufa ba ya hana bindiga zama bindiga. Wanda bai zo da takarda ba, ya koma da kayansa, ko da ɗan uwana ne. Kuma a rumfar nan ba a ɗura irin wannan, ba a harba ta.

Mutumin da ya kawo ta ba maharbi ba ne. Mai tara kayan da ne, kuma abin da ya saya da kuɗinsa shi ne abin da ka tashi kankarewa. Matso ka karanta. A gefen dama an zana St Etienne, sunan garin da masana'antar makaman gwamnatin Faransa take a wancan zamani. A bisa bututun an sa Mle 1892, samfurinta ke nan. Nan gefe kuma ga harafin S da 1897, shekarar da aka ƙera bututun. Lissafa da kanka: shekara ɗaya kafin a kashe Kyaftin Kazmaju, hafsan Faransa, a garin nan na Damagaram, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, shekara biyu kafin yaƙin Tirmini na 1899 da ya buɗe wa Faransawa ƙofar Damagaram. Irinta ce hafsoshinsu suke ratayawa a ƙugu, kuma nan ne mazaunin mulkinsu na Nijar har 1926 da suka mayar da shi Yamai. Duk wannan labari a cikin rubutun da zurfinsa bai kai kaurin farce ba yake zaune. Ka bi ta kansa da samfefa sau biyar, ya tafi, kuma duk unguwannin Birni da Zango babu maƙerin da zai dawo da shi. Ko ka sake bugawa da hannunka, masu sanin abin da kallo ɗaya za su gane, daga nan sai su fara shakkar komai nata.

Haka launin. Wannan baƙi-baƙin mai ɗaukar shuɗi da kake gani kamar dauɗa, rinin masana'anta ne. Dubi kunamar, ka ga ɗan rawaya kamar karan gero busasshe? Da wuta aka fito da shi. Inda ya koɗe, a bakin bututu da wajen da yatsa ke zama, gogayyar kube ce da hannun mutum na shekaru. Mai tarawa yana son wannan koɗewar, don ita ke shaida masa ba a taɓa abin ba. Akwai kuma yayarta, samfurin 1873, mai harsashin milimita 11, ita tun daga masana'anta fara take, ba a rina ta ba. Wanda bai sani ba sai ya ce rininta ne ya zube, ya je ya baƙanta ta, ya ɓata ta.

Ni ma da hannuna na koyi wannan. Ina kamar shekarunka wani dattijo ya kawo wa maigidana bindigarsa, gadon mahaifinsa da ya yi soja. Maigida ya tafi jana'iza, ni kuwa na wuni ina gurza har ina ganin fuskata a jikinta. Da dattijon ya dawo bai yi faɗa ba. Ya yi ta juya ta yana neman lambar da ya haddace tun yana yaro, bai same ta ba, ya naɗe ta a zanensa ya tafi. Garin neman gira aka rasa ido. Har yau in na tuna fuskarsa sai jikina ya yi sanyi.

Ba wai za mu naɗe hannu ba. Tsatsa iri biyu ce. Akwai wadda ta kwanta ta yi duhu ta yi santsi, wannan ta gama cinta, ƙyale ta. Akwai ja mai gari, wadda in ka shafa take bin yatsa, ita ce mai rai, ita muke yaƙa. Ka ɗiga mata man keken ɗinki, ka bar ta ta kwana. Da safe ka bi ta a hankali da gefen tagulla, don tagulla ta fi ƙarfen laushi, za ta ɗaga tsatsar ba ta ji wa rinin ciwo ba. Ka share, ka sake ɗigawa. Wani wurin sai ka yi mako kana maimaitawa.

Abu biyu ka riƙe game da wannan samfurin. Gidan harsashinta dama yake buɗewa, saɓanin yawancin libarba, kada ka danna shi hagu da ƙarfi. Sannan kusoshinta ba sa yafe sukundireban da bai cika bakinsu ba. In babu daidai, ka gyara bakin sukundireban da magagari har ya zauna cif. Kan kusa da ya tauye, daga nesa ake hango shi.

Kuben ma kada ka raina shi. Wani lokaci samun kube na asali ya fi samun bindigar wuya, don fata ba ta da ran ƙarfe: hunturu ya busar da ita, damina ta sa mata fumfuna, gara ta ƙarasa. Na san dukawan garin nan za su ɗinka wanda ya fi shi kyau cikin kwana biyu, amma a buɗe murfin wannan ka ga ƴar aljihun harsashi da ɗinkin hannu na wancan zamani. Ba za mu jiƙa shi da mai ba, sai ya yi laushi ya saki zarensa. Ƙura za mu kakkaɓe, koren da ya taru a gindin maɓallin tagulla mu cire da tsinke, mu cusa masa takarda ya riƙe siffarsa. Kuma zan gaya wa mai shi ya daina ajiye bindigar a ciki, fata tana riƙe danshi.

Samfefa da magagari suna da ranarsu. In Sallah ta matso, ƴan bindigar Sarki suka kawo nasu masu cin albarushi, a nan za ka gurza ka ƙoshi, don waɗancan aiki ake so su yi. Yanzu tashi ka wanke hannu, gumi ma tsatsa yake haifarwa. Ka ɗauko man da tsumma mai tsabta, mu fara da zoben nan na gindin mariƙi, inda ake ɗaura igiya. Nan ce ja ta fi yawa.