Amsa ga Hajiya kan rangwamen waya da intanet na sojojin Amurka

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa yaro ya gama horo lafiya, ya tsare shi duk inda aka tura shi. Kin ce ya shiga sojan ƙasa na Amurka, yana gab da gama horon kurata, kuma wani mai shagon waya ya gaya miki idan kuka mayar da layukan gidan guda biyar kan sunansa za a yi muku ragi mai yawa, har da sababbin wayoyi kyauta. Kina tambaya ko gaskiya ne, kuma wane kamfani ya fi. Na yi aikin sojan nan na wasu shekaru kafin na karɓi sallama, har yau kuma layukan gidana a kan rangwamen tsofaffin sojoji suke, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Rangwamen kam gaskiya ne. Manyan kamfanonin uku duk suna yi wa sojan da ke bakin aiki da wanda ya gama, har da sojojin ko-ta-kwana, sai dai kowa da irin lissafinsa. T-Mobile sun fito da tsarin sojoji a 2018, inda suka cire kashi 20 cikin ɗari a layin farko, sauran layukan iyali kuma rabin kuɗi, har zuwa layi shida. Sunan tsarin ya sha canzawa, kuɗin ma haka, amma fasalinsa na nan: yawan layi, yawan ragi. AT&T a shekarun baya kashi 25 cikin ɗari suke cirewa a tsare-tsarensu na data mara iyaka. Verizon kuwa ƙayyadadden kuɗi suke cirewa a kan asusun gaba ɗaya, ba a kan kowane layi ba: dala 10 a wata in layi ɗaya ne, dala 25 in biyu ne ko uku, dala 20 in huɗu ne zuwa sama. Ki raba dala 20 gida biyar, kowane layi ya tashi da dala 4. Wannan shi ne abin da wani lokaci ake kira "ragi mai yawa" a bakin kanta. Kamfanonin kan taɓa waɗannan alƙaluma lokaci zuwa lokaci, saboda haka ki sa a buga miki na ranar a takarda.

Abin da mai shago ba zai fara gaya miki ba shi ne, a kan tsare-tsare masu tsada ake ɗora rangwamen. Su waɗannan manyan kamfanoni suna da ƙananan kamfanoni a ƙarƙashinsu masu hawa turakun sabis iri ɗaya. Visible na Verizon ne, Cricket na AT&T, Metro da Mint Mobile na T-Mobile. Visible suna da tsarin dala 25 a wata, data mara iyaka, haraji a ciki, kuma ba ruwansu da ko kai soja ne ko direban tasi. Saurayin da ke kwana a bariki da layinsa ɗaya tal, sau da yawa irin wannan ya fi masa sauƙi a kan babban tsari ko da an cire masa rangwame. Illarsu ita ce in wuri ya cika da jama'a datarsu ake fara ragewa gudu, wasunsu kuma ba su da shagon da za ki shiga ki yi ƙorafi ido da ido. Da layi biyar lissafin yana iya karkata wajen tsarin sojoji, musamman na T-Mobile, amma sai an zauna da biro da takarda. Ki kuma lura, farashin da ake rubutawa a talla yawanci na wanda ya yarda a riƙa zare kuɗin kai tsaye daga asusunsa na banki ne, kuma a tsare-tsare da yawa haraji da ƙananan caje-caje daga baya suke hawa.

Zancen wayar kyauta shi ne ya fi damuna a tambayar taki. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da suke yi, su sayar miki da wayar bashi, su raba kuɗin wata-wata, sannan kowane wata su yafe miki kason wannan watan muddin kina tare da su. A AT&T da Verizon wata 36 ne, T-Mobile sun saba yin 24. Mu ɗauka wayar dala 800 ce a kan wata 36, wato wajen dala 22 a wata. In kuka bar kamfanin bayan shekara ɗaya, yafiyar ta tsaya nan take, ragowar kashi biyu cikin uku ya dawo wuyanku, sama da dala 500 a waya guda. Wayoyi biyar, an haura dala 2,500. Ga farar hula da ke zaune gida ɗaya shekara da shekaru wannan ba wani abu ba ne. Soja kuwa bai da ta cewa kan inda zai kwana baɗi, duk shekara biyu ko uku ana iya ɗaga shi. Na ga yara da yawa a bariki da aka ɗaure da irin wannan tun makonsu na farko, domin a ƙofar kowane bariki masu sayar da mota da masu sayar da waya sun san ranar da kurata ke fitowa da albashin farko a aljihu. In wayarsa ta yanzu tana aiki, ya riƙe abarsa. In dole sai sabuwa, kantin sojoji na cikin bariki, Exchange, ba ya karɓar harajin saye, ya nemi wadda ba a kulle ta da kamfani ɗaya ba. Tsofaffin sojojin da aka sallama da mutunci ma an buɗe musu saye a kantin ta intanet tun Nuwambar 2017.

Kuma ba gaggawa. A horon kurata karɓe wayoyi ake yi, sai ɗan lokacin da aka ba su su gaida gida, bayansa kuma akwai horon sana'ar da zai yi a soja. Sai daga nan za a san barikinsa. Kamfanin da ke da sabis tangaram a Bronx ta birnin New York ba lallai ya yi aiki a Fort Irwin da ke tsakiyar hamadar Mojave ba, ko a dazuzzukan Louisiana, ko Alaska. In ya sauka ya tambayi waɗanda ya tarar a ɗakunan kwana wane layi ne ke kamawa a ciki. Amsarsu ta fi taswirar da kamfani ke nunawa a shafinsa.

A ganina, abin da ya fi rangwamen nan daraja wata doka ce da yawancin iyaye ba su san da ita ba, wadda ake kira SCRA a taƙaice, ta 2003. Ta ce idan aka ba soja umarnin tashi na kwana 90 ko fiye zuwa inda kwantiragin wayarsa ba zai yi aiki ba, yana da ikon soke shi ba tare da tarar fita da wuri ba. Idan tafiyar ba ta wuce shekara uku ba, lambarsa tana nan, in dai ya koma wa kamfanin cikin kwana 90 da dawowarsa. A 2018 aka faɗaɗa ta, ta haɗa da intanet na gida da talabijin na biya. Lokacin da aka tura ni waje na kira kamfanin da nake tare da su, wanda ya ɗauka ya dage sai na biya tara. Ban yi musu da shi ba. Na rubuta wasiƙa na ambaci sunan dokar, na haɗa da kwafin takardar umarnin tafiya, maganar tara ta mutu a nan. Amma ki riƙe abu biyu. Dokar ba ta yafe bashin wayar da aka karɓa, kin ga mun sake komawa kan wayar kyauta. Sannan layin sojan take karewa da na iyalin da suka bi shi can. Ke da za ki zauna a gida da ƙannensa ba ku ciki.

Wannan ya kawo ni kan sa asusun da sunansa. Kamfanonin yawanci suna son sojan ya zama mai asusun, ko aƙalla cikin masu iko da shi, kafin su ba da ragin. To in yana Jamus ko Koriya ta Kudu, wayar ƙanwarsa ta faɗi ana son sabon sim, sai an jira shi ya farka, ga bambancin awoyi. Tun ranar buɗewa ya sa sunanki cikin masu iko da asusun, ki kuma san lambar sirrin. Ɗaya matsalar tamu ce ta gida, kuma zan faɗe ta ko da ba daɗi. Da zarar dangi sun ji akwai layi mai araha, kawu zai ce a saka shi, ɗan maƙwabta ma haka, kowa da alkawarin zai riƙa turo nasa kason. Wata biyu ake turowa. Albashin sabon kurtu bai wuce dala dubu biyu da 'yan kai a wata ba, kuma duk kuɗin da ba a biya ba sunansa yake ɓatawa a wajen masu ba da bashi. A aikin soja abin ya wuce nan, domin tarin bashi yana cikin manyan dalilan da ke hana mutum takardar amincewar tsaro, wasu ayyukan kuwa ba a yin su sai da ita. Ni dai na tsaya a kan 'yan cikin gidana.

In tafiya waje ta kama, akwai zaɓin dakatar da layin maimakon sokewa, manyan kamfanonin suna yarda har wajen shekara uku da wata uku. Sai dai layin da aka dakatar ba ya karɓar saƙo, bankuna kuwa irin su Navy Federal da USAA ta lambar waya suke turo lambobin shiga. Shi ya sa da yawa ke barin lambar Amurka a raye a kan tsari mafi araha, su ƙara layin ƙasar da suke a waya ɗaya. Wasu kuma Google Fi, layin waya na kamfanin Google, suke komawa, saboda yana aiki a ƙasashe da yawa, kuma sojan da ya tabbatar musu da aikinsa ba sa yanke masa data don ya daɗe a waje, kamar yadda suke yi wa sauran mutane.

Tabbatar da cewa shi soja ne ta intanet ake yi. Verizon suna bi ta shafin tantancewa na ID.me, T-Mobile ta na SheerID, kuma T-Mobile kwana 45 suke bayarwa, in ya wuce ba a tabbatar ba kuɗin ya hau. Wanda ke bakin aiki takardar albashinsa ta wata ta isa, tsohon soja kuma takardar sallamarsa, DD-214, bayan ya rufe lambar shaidarsa ta gwamnati da ke jiki. Kada ya bari mai shago ya ɗauki hoton katinsa na soja, dokar tarayya ta hana. Inda mutanenmu suka fi maƙalewa wajen suna ne: a takardar soja Mohammed, a asusun waya Muhammad, ko Mahamadou ga 'yan'uwanmu na Nijar, ko an juya sunan uba ya koma gaba. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. A rubuta shi harafi da harafi yadda yake a takardun soja.

Kiran gida kuma rangwamen bai taɓa shi ba. Najeriya, Nijar, Gana, duk da minti ake caji, da tsada. WhatsApp ya ɗauke mana yawancin wannan, amma in akwai tsohuwa a ƙauye mai ƙaramar waya da ba ta hawa intanet, a tambayi kuɗin mintin tun kafin a sa hannu.

Intanet na gida ragin ba shi da yawa. Verizon Fios suna cire 'yan daloli, Comcast kuma tun 2018 suka buɗe tsarinsu mai araha, Internet Essentials, ga tsofaffin sojoji masu ƙaramin ƙarfi. A ɗakunan bariki shi zai biya nasa, a wurare da yawa wajen kamfanin intanet na Boingo. Dattawanmu 'yan mazan jiya da ke cikin zauren nan, wanda ke karɓar fanshon masu ƙaramin ƙarfi daga ma'aikatar tsofaffin sojoji ya cancanci shirin gwamnati na Lifeline mai rage kuɗin waya ko intanet, dala 9.25 a wata, gida ɗaya mutum ɗaya. Masu Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, su ma sun cancanta. Shirin tallafin intanet na dala 30 a wata da ake kira ACP ya tsaya tun Yunin 2024, duk wanda ya turo saƙo yana cewa a ba shi bayanai zai sabunta shi, ɗan damfara ne.

Da ni ne ke, Hajiya, zan koma shagon in ce a buga min jimillar abin da zan riƙa biya a wata a layi biyar, da wayoyinmu na hannu, ba sabuwa ko ɗaya, da haraji da komai. In ajiye ta kusa da takardar kuɗin da kuke biya yanzu, in kuma duba ta ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin nan. Sa hannu kuwa sai takardar tura yaro ta fito. In ta fito ki rubuto sunan barikin a nan, da wuya a rasa wanda ya taɓa zama can ya gaya miki layin da ke kamawa.