Lawali, kafin kuɗin su bar aljihunka

Lawali, jiya da marece kana share gilashin kanta ka yi mini tambaya, sai masu hoton katin ɗan ƙasa suka shigo, maganar ta tsaya a nan. Cewa ka yi: "Maigida, na tara ƴan kuɗina. A babbar kasuwa na ga wata kamara ƴar aljihu sabuwa fil cikin kwalinta, an rubuta mata megafiksel 20. Wani mai zuwa Kano kuma ya nuna mini Nikon D3100 ta hannu, megafiksel 14 kawai, ga nauyi, ga tsufa, kuma ta fi tsada. In dai 20 ta fi 14, me ya sa kuke rataya waɗannan manyan a wuya?" Na ga idonka yana kan sabuwar. Shi ya sa na zauna na rubuta maka, don in na faɗa da baki za ka ce to, ka tashi ka yi abin da ranka ke so.

Ka san yadda rabon gado yake a ƙauyukanmu. Mutum ya rasu ya bar ƴar gona, magada ashirin. Wani ya rasu ya bar gonar da ta ninka waccan sau goma sha biyu da ɗoriya, magada goma sha huɗu. Wane gida ne zai cika rumbu? To cikin kowace kamara akwai wani ɗan faranti mai kama haske, shi ya maye gurbin fim ɗin da muka yi aiki da shi a da. Shi ne gonar, megafiksel kuma magada, don kowane megafiksel ɗigon hoto miliyan ɗaya ne. Farantin yawancin ƴan aljihu bai wuce milimita 6 da ƴan kai a tsawo ba, 4 da rabi a faɗi, wato ko farcen ƙaramin yatsanka ya fi shi. Na D3100 milimita 23 ne da 15. In ka yi lissafi, kowane ɗigo guda a cikin babbar yana samun fili kusan sau 18 na ɗigon ƴar aljihun. Manyan da ake kira cikakken faranti kuwa 36 ne da 24, daidai da girman fim na da. Mai kanti ba zai faɗa maka wannan ba, don ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin kwali.

Da rana tsaka, haske ya wadata, ko magajin da ya samu taki ɗaya zai ci. Ka ɗauki mutum a ƙofar sitidiyo da ƙarfe goma na safe da duka biyun, ka wanke a takarda 10 da 15, da wuya abokin ciniki ya bambance. Irin wannan takarda ma megafiksel 2 da ƴan kai ya ishe ta. Amma mu yaushe muke cin abinci? Bayan isha'i, a tsakar gida, ƙwan lantarki ɗaya rataye a jikin bishiyar dalbejiya, wani lokacin ma an ɗauke wuta ana haska amarya da fitilar waya. Ka tuna bikin da muka yi a unguwar Zariya bara, da ƙanen ango ya yi ta bin mu da tasa ƴar aljihun? Da ya kawo katinsa mu wanke masa, ai kai ka buɗe a kwamfuta. Fuskar amarya ta yi tsaki-tsaki kamar an watsa mata dusa, lallen hannunta ya dame ya zama baƙin tabo, zanen duk ya ɓace. Kamarar ba ta lalace ba. Haske ne bai ishe ta ba, sai ta ƙara wa kanta ji, kamar ka ƙure muryar rediyo a tashar da ba ta kamawa sosai: maganar ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. Daga baya ta bi tana goge tsakin da kanta, ta haɗa da lallen ta goge.

Akwai kuma matsalar da ta fi damunmu a nan ƙasar, farar shadda a jikin baƙin mutum cikin ranar Maradi. Ƙaramin faranti ba ya iya riƙe fari ƙal da duhu a hoto ɗaya. Ko shaddar ta ƙone, aikin wuyan da Alhaji ya biya kuɗi mai yawa ya ɓace, ko fuskar ta dushe sai haƙora. Babbar tana da haƙuri a nan, kuma tana iya ajiye hoton ɗanye, wanda ake kira RAW, ka zo ka ɗago fuskar a kwamfuta ba tare da ka ƙona rigar ba. Yawancin ƙananan masu araha ba su san wannan ba, abin da suka dafa shi za ka ci.

Yanzu madubin. Gobe in ka zo, ka cire idon tawa, wato gilashin nan na gaba, ka leƙa ciki, amma kada ka sa yatsa. Za ka ga ɗan madubi a kishingiɗe. Hasken da ya shigo ta ido shi yake tarewa ya jefa sama, can cikin ƙusumbin nan na kan kamara wasu madubai ko wani dunƙulen gilashi su juyo da shi zuwa ƴar tagar da kake sa idonka. Abin da kake gani ke nan shi ne ainihin abin da ke gabanka, a daidai lokacin, ba hoton talabijin ba. In ka danna, madubin ya ɗaga, labulen da ke rufe da farantin ya buɗe, haske ya faɗa kansa, madubin ya dawo. Ƙarar "karaf" da yara ke kwaikwayo a bayanmu ke nan. Daga wannan madubin sunan ya fito, refleks, ko DSLR kamar yadda ƴan Najeriya ke cewa. Ƴar aljihu ba ta da shi, allon baya kawai za ka kalla, kuma ka san yadda allo yake a filin idi, sai ka yi ta kare shi da hula kana hasashe.

Ƙarƙashin wannan madubin akwai wani ɗan ma'auni da aikinsa kawai auna nisa, shi ya sa babbar take kama mutum nan take. Ƙaramar sai ta yi gaba ta yi baya tana lalube har ta ga inda hoto ya fi fita. Rabin daƙiƙa ne ko ƙasa da haka, amma ni rabin daƙiƙar nan ya taɓa kunyata ni. Shekarun baya ana kokawa a filin Yakuba Kantu, babbar tawa tana wurin gyara, na ari wata ƙarama na tafi. An yi ta zagaye, an yi ta riƙe-riƙe, ina tsugune a bakin buhunan yashi har ƙafata ta yi sanyi. Da ɗaya ya sunkuci ɗaya na danna. Abin da na samu a kati: wanda aka kayar yana zaune yana kakkaɓe ƙasa, makaɗa sun riga sun ruga cikin fili. Wanda ya aike ni ya kalli hoton ya ce, "To ina kayen?" Haka za ta yi maka ranar hawan salla in dawakin Sarkin Katsina suka zaburo, ko a Tibiri wajen Sarkin Gobir: ka danna kan doki, ka samu wutsiya.

Sai maganar ido, wanda muke kira objektif. Na ƴar aljihu a manne yake, da shi aka haife ta, da shi za ta mutu. Na babbar ana cirewa, kuma a nan dukiyar mai hoto take. Gangar jiki takan tsufa a canza ta, ido mai kyau yakan yi shekara ashirin yana aiki. Bakin da Nikon ke ɗaura idanunta a kai tun 1959 take amfani da shi, na Canon kuma tun 1987, don haka idanu na hannu sun cika duniya. D3100 ɗin za ta zo maka da ido mai zuƙowa da ake kira 18-55, ba laifi, ka fara da shi. Amma kuɗin farko da ka samu, kafin waya, kafin takalmi, ka nemi idon da ake kira 50 mai buɗin 1.8. Buɗi shi ne ƙofar da haske ke shiga ta cikin ido, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. In ka zuƙo 18-55 har ƙarshe buɗinsa 5.6 ne, shi kuwa wancan a buɗe yana shigo da haske kusan ninki goma. Shi ne kuma yake narkar da bayan mutum, katangar laka da jarkokin ruwa da akuyar maƙwabta su zama hazo, amarya ta fito ita kaɗai. Matan da ke cewa "irin na Maigida muke so" abin da suke nufi ke nan, ko da ba su san sunansa ba. Ƴar aljihu, saboda ƙanƙantar farantinta, komai take fitarwa tar, har shanyar da ke bayan gida. Abu ɗaya ka kiyaye: D3100 ba ta da injin juya ido a jikinta, sai ka sayi wanda aka rubuta wa AF-S. In ka kwaso tsohon mai harafin D don ya fi araha, da hannu za ka yi ta murɗawa.

Zum ɗin da aka rubuta a kwali kuma, wato zuƙo abin da ke nesa, ka duba ko na gilashi ne. Ɗayan, na dijital, yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi.

Filashi ma haka. Na ƙaramar yana dab da ido, shi ke sa jan ido da fuska mai maiƙo, kuma taku huɗu ko biyar ya gaji. Babbar tana da wurin ɗaura babban filashi a ka, ka juya shi ya bugi silin ko farin bango hasken ya sauko a hankali. Batir kuwa, tunda ta taga kake leƙe ba allo ke ci ba, D3100 an ƙiyasta mata hoto 550 a caji ɗaya, ƙananan da yawa ɗari biyu da ƴan kai ne. A garin da wuta ke zuwa ta tafi, ka san darajar wannan.

Kada ka ce na ɓoye maka aibinta. Tana da nauyi, wuni guda a biki za ka ji a wuyanka. Tana jan idon ɓarawo. Kuma babbar abokiyar gabarta ƙurar hunturu. Duk sanda ka cire ido ka buɗe wa ƙura ƙofa, ta bi ta zauna a kan faranti, sai ka ga ɗigo baƙi a sararin sama, wuri ɗaya, a hoto ɗari uku. Na taɓa kwana biyu ina goge irin wannan ɗigon ɗaya bayan ɗaya a hotunan wani hawa. Tun daga nan ba na canza ido a fili tsakanin Disamba da Fabrairu. In dole ce, na kashe kamarar, na juya bakinta ƙasa, na cusa hannuwana cikin babbar riga na yi a can. Ƙura kuma da ƴar robar hura iska ake fitar da ita. Ranar da na gan ka kana hurawa da baki ko kana sa bakin riga, mun ɓata. Ita ma ƴar aljihun ba tsira ta yi ba: idonta mai fita yana komawa ne, ƙwayar yashi ɗaya ta shiga tsakanin zobban nan sai ya cije a waje, gyaran kuma sau da yawa ya kusa kuɗin sabuwa.

Ƙaramar tana da ranarta, ban raina ta ba. Ranar suna in aka ce maza ba sa shiga cikin gida, ita nake miƙa wa ƴata ta shiga da ita, ba ta tsorata tsofaffi, ba ta sa yara kuka. Akwai ma masu tsada irin Sony RX100 da ta fito a 2012, farantinta ya ninka na sauran sau huɗu, aikinta ba wasa ba, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin abin da ka tara. Amma irin wadda ka gani a kasuwa, wayar da ke hannun ƙawayen amarya ta riga ta cinye mata kasuwa. In ka shiga biki da abin da bai fi wayarsu ba, don me za a biya ka? Har da ganin ido: mutanenmu in ba su ga babbar kamara da jaka ba, sai su ce ɗan kallo ne. Ban ce daidai ba ne, amma ni ma da shi na ci abinci.

Abin da ya sa irin D3100 ta sauko har hannunka ya kai, ita tun 2010 ta fito, kuma tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga manyan kamarori marasa madubi, masu babban faranti da ido mai cirewa. Masu kuɗi na sayar da tsofaffin suna komawa can. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai ba a gauraya ta ba.

Don haka ka ce wa mutumin ya kawo ta sitidiyo ranar Asabar, kada ka ba shi ko dala kafin nan. Za mu ɗauki hoto ɗaya mu sa a kwamfuta, Nikon tana rubuta adadin bugun labule a cikin bayanan hoton. An gwada labulen irinta a kan bugu 100,000, in ta haura 70,000 sai ya rage kuɗi sosai ko ya koma da abarsa. Za mu tsuke ido zuwa 16 mu ɗauki farar takarda mu ga ƙurar da ke ciki, mu haska idon da tocila mu duba ko ya yi furfura ko ƙarce, mu ga batir ɗin na asali ne ko jabu, caja tana nan ko babu. Ka zo da katinka, kuma ka bar ni ni in yi cinikin, don kai fuskarka tana nuna kana so.