Nazarin Amurka zai yi aiki a Katsina?

Kin tambaya ko nazarin wariyar launin fata na Amurka zai yi miki amfani a bincikenki kan filin da gidajen rediyon Katsina ke ba mata 'yan takara. Zai yi, amma hanyar za ki aro, ba sakamakon ba. A 1989 Kimberlé Crenshaw, wata malamar shari'a a Amurka, ta nuna baƙar mace na shan wariya biyu a haɗe, ta fata da ta jinsi.

Nan kuwa fatarmu ɗaya, 'yar'uwa. Lokacin nawa aikin, da biro da littafi na tare gindin rediyo ina ƙirga mintunan kowa. Abin da na ga yana haɗuwa da zama mace shi ne kuɗin sayen fili, sai tambayar nan: "Maigida ya yarda?" Su za ki auna.