Ɗan dako da azumi: ciyarwa ba ta sauke ramuwa

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗan dako ne a Babbar Kasuwar Maraɗi. Bara na sha azumi shida saboda zafin rana. Wani ya ce mini mai aikin ƙarfi ciyarwa kawai zai yi, sai na ba da gero. Na fita?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa nemanka albarka. Ba ka fita ba tukuna, shidan nan bashi ne a wuyanka.

Akwai abin da ba ka faɗa ba, kuma a kansa hukuncin ya rataya. Ka ɗauki azumin ne, ƙishirwa ta galabaitar da kai har kana ganin jiri? Ko tun dare ka yanke cewa gobe akwai tirelar siminti, ba azumi? Na farko malaman Malikiyya sun yi masa rangwame irin na masu girbi: ya sha, ya rama, ba laifi. Na biyu ya sha tun uzuri bai zo ba. Sai tuba da ramuwa, kuma kaffara na iya shigowa, ciyar da miskinai 60 ko azumin wata 2 a jere. In naka ke nan, zo mu zauna.

Mai ce maka ka ciyar yana kafa hujja da aya ta 184 ta Baƙara, wadda ta ambaci fansa, wato zaɓin ciyar da miskini a madadin azumi. Wannan zaɓi na farkon farilla ne, da aka wajabta azumi a shekara ta 2 bayan hijira. Salamatu ɗan Akwa'u, a Buhari da Muslim, ya ce ayar da ke biye ta shafe shi. Ibn Abbas da ya ce ba a shafe ta ba, tsoho da tsohuwa ya nufa, waɗanda ƙarfinsu ya tafi ba dawowa. Kai kuwa hunturu na zuwa, yini gajere, iska da sanyi. Sahabban Madina ma manoman dabino ne, ba a ce su sayi azuminsu da hatsi ba. Ayar farilla taƙawa ta ambata, kuma ba a aika wani ya ji maka yunwar da ke horar da zuciya.

Geronka sadaka ce, Allah ya karɓa. Ka rama kafin watan Ramadan ya kama. In sakaci ya sa wani Ramadan ya riske ka, ga ramuwa, ga ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya kan kowace rana.

Kada ka yi wasa da sahur. Ka roƙi maigidanka ya mayar da sauke kaya bayan asuba ko bayan tarawihi. Ranar da jiri ya kama ka da gaske kuma, ka sha ruwa, kada kunyar abokan aiki ta sa ka halaka kanka.

Wallahu a'alam.