Katun ɗin AI zai kori masu zane?

Tambaya: Ɗana na son koyon zanen katun, ga shi yanzu kwamfuta na haɗa shi cikin mintuna. Anya ba ɓata lokaci zai yi ba?

Amsa: Hajiya, ƙyale shi ya koya. AI, wato basirar kwamfuta mai kwaikwayon ta ɗan Adam, ta iya haske da launi, wannan ba musu. Amma zuba ido da kyau: yatsu kan zama shida, jar riga ta koma shuɗiya, ƙafa na tafiya ba ta taka ƙasa. Hasashe take yi daga hotunan da aka horar da ita da su. Fim kuwa hoto 24 ne a kowace daƙiƙa, kuma mai zane ke zaɓar inda ido zai ƙifta. Gyaran ɓarnar na'urar ma sai wanda ya iya zane.