Kafin yaro ya ɗora biro: me za a saya don koyar da insha'in siffantawa?

Tambaya: Malam, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Mabera. Duk lokacin da na ce su siffanta wani abu, sai su rubuta "akuya tana da kyau" su tsaya. Na ga littafin gamammun insha'i a Babbar Kasuwa. In saye shi, ko in sayi hotunan liƙawa a bango?

Amsa: Malama, ki riƙe kuɗinki. Yaron da aka ba gamammen insha'i haddace shi zai yi, ranar jarrabawa a ce ya siffanta kasuwa ya kawo miki makaranta. Abin da ke tsayar da yaranki shi ne ba su tara abin faɗa ba kafin su fara rubutu.

Ki sayi farin kwali uku, maka baƙa da ja, sannan kowane yaro ya samu ƙaramin littafi na tara kalmomi kaɗai. Sauran kayan suna gida: albasa, goro, faifai, takalmin fata.

Mu ɗauki albasa, a ce darasinki minti 35 ne. Ki raba ajin shida-shida, kowane rukuni da albasarsa. Wannan ya zama dole, domin idan guda ɗaya kika ɗaga a gaban allo, na baya ba su ga komai ba. Minti biyar na farko su juya ta, su sansana, su ɓare ɓawon. Yankawa kuwa taki ce, wuƙa ba ta shiga hannun yaro.

Sai ki raba kwalin gida huɗu: ido, hanci, hannu, kunne. Ki ba wannan minti 20, a nan aikin yake. Kada ki karɓi "mai kyau". Ki tambaya: ɓawon nan siriri ne ko mai kauri? Yana ƙara idan an murza shi? Cikin da sanyi? Me ya sa idonka ke hawaye? Za ki ji suna cewa busasshe, falle-falle, santsi, yaji. Ki jawo su zuwa amsa-kama, irin su ja wur, fari fat, kore shar, tunda suna faɗinsu a gida kullum. Idan yaro ya ce "hwari", ki rubuta yadda ya faɗa, ki sa "fari" a gefe. Kika gwale shi a nan, ba zai sake ɗaga hannu ba.

Minti goma na ƙarshe kowa ya zaɓi kalma shida ya kwafa, ya sa musu lamba daga wajen albasar zuwa cikinta. Ranar nan ba a rubuta jimla ko ɗaya. Kurakurai biyu ke ɓata aikin: malama ta cika kwalin da kalmominta, ko ta fara gyaran ƙa'idojin rubutu tun ba a kai ga rubutun ba.

Tambaya: Ɗana yana aji biyar a Runjin Sambo, insha'insa da Turanci ake ba shi. Ƙamus zan saya masa, ko in bar masa waya ya riƙa duba hotuna?

Amsa: Alhaji, ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Turanci ya fi, amma ba da shi ake farawa ba. Hoton waya ido kaɗai yake ciyarwa. Idan akuya aka ce ya siffanta, ka kai shi Kara, kasuwar dabbobi, ya tsaya kusa da jar akuyar Sakkwato, ya shafa gashinta, ya ji kukanta da warin turken. Ya faɗa maka da Hausa kana rubutawa. In kun dawo gida, ya zaɓi kalma biyar ko shida ya nemo Turancinsu a ƙamus da kansa.