Tayoyin baya sun suɗe, na gaba kamar sababbi: me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na sayi Porsche 718 Cayman ƙirar 2017 da aka shigo da ita daga Jamus, tayoyinta na asali ne na kamfani. Ba ta kai kilomita 20,000 ba, amma na baya sun kusa suɗewa, na gaba kuwa kamar jiya aka sa su. Mai facina ya ce in sa masu sauƙin kuɗi a baya kawai, in bar na gaba. An cuce ni ne da jabun taya? Daga wani mai karatu a Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba wanda ya cuce ka. Haka tayar irin wannan mota take, kuma da gangan aka yi ta haka. Robarta mai laushi ce, domin ta kama kwalta a kwana da lokacin taka birki, ita kuwa roba mai laushi kwalta na cin ta da wuri. Duba gefen tayar, za ka ga lamba kusa da kalmar treadwear, wato ma'aunin jimirin roba: ƙaramar lamba na nufin saurin cinyewa. Tayar motar gida takan nuna 500 ko fiye, irin taka kuwa takan tsaya wajen 200 zuwa 300. Ga shi injin Cayman yana bayan direba, kuma tayoyin baya ne ke tura motar, duk ƙarfin a kansu yake sauka. Sannan na baya sun fi na gaba faɗi, idan wilinka inci 18 ne, 235 a gaba, 265 a baya, don haka babu damar musanya su kamar yadda ake yi wa Corolla. Shi ya sa kamfanin taya na Michelin ma kan rage garantin kilomita zuwa rabi ga tayoyin baya a motoci masu irin wannan tsari.

Kada ka tsaya kallon taya daga waje. An ɗan karkata ƙafafun irin wannan mota ciki ta sama, sai gefen ciki ya riga cinyewa. Na sha durƙusawa da tocila in tarar waya ta leƙo ta ciki, alhali daga waje zane na nan raɗau. A cikin kwarin zanen akwai ƴan tudu ƙanana. In zane ya zo daidai da su, saura milimita 1.6, iyakar da doka ta yarda a Turai. Ni dai da damina ba na jiran haka. Taya mai faɗi ta fi saurin hawa kan ruwa ta bar kwalta, in ta kai milimita 3 cire ta nake yi.

Amma gaskiya na gaban nan naka sun fi ba ni tsoro. Nemi rubutun DOT a gefe, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 1417, ma'anarsa an yi tayar a mako na 14 na shekarar 2017. Roba tana tsufa ko da mota na kwance a gareji: ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage a gindin zane, kuma zafin rana irin namu yana ƙara mata gudu. Porsche na cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 6. Michelin na cewa daga shekara 5 a riƙa dubawa duk shekara, a 10 kuma a cire ko yaya take. A ranar 30 ga Nuwamba 2013 ɗan wasan fim Paul Walker ya rasu cikin Porsche Carrera GT a Kalifoniya. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, amma sun kuma gano tayoyin motar sun kai kimanin shekara tara. Mota ce da ba a cika hawa ba, irin taka.

Shawarar mai facinka kuwa, a yi masa uzuri, da motocin haya ya saba. In ka sa taya mai tauri a baya, motar da injinta ke tsakiya za ta iya juya maka gindi a kwana kafin ka gyara sitiyari. Canza duka huɗun, iri ɗaya, girma ɗaya da wanda aka rubuta a jikin ƙofar direba. Ka nemi masu alamar N, kamar N0 ko N1, waɗanda Porsche ta gwada ta amince da su, kuma harafin gudu kada ya gaza na asali; Y na nufin kilomita 300 a awa. Sababbin ma ka karanta DOT ɗinsu tun a shago, don akwai tayar da ta shekara uku a sito ana kiranta sabuwa.

Bayan an ɗaura, a yi alaimen, domin rami ɗaya ya isa ya gurɓata saitin ƙafa. Iska kuma a auna ta da safe kafin mota ta motsa, da geji, ba da bugun ƙafa ba. Kilomita ɗari biyu ko uku na farko ka bi a hankali, sabuwar taya tana da ɗan santsi.